Sauraron littafi ba lalaci ba ne

Mutane da dama na ɗauka cewa wanda ya saurari littafi ta waya bai karanta komai ba, ya dai guje wa wahala ne. Wannan magana ba ta da tushe. Ido da kunne ƙofofi ne kawai. Fahimtar magana a ƙwaƙwalwa take faruwa, ko daga takarda ta shigo ko daga bakin mai karatu.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a gare mu. Karatun zaure da kunne aka fara ɗaukarsa, malam yana ja yana fassara, almajirai suna saurare. Haka tafsirin watan azumi, haka littattafan hikaya da ake karantawa a gidajen rediyo. A Amurka kuwa, tun shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai saboda makafi, kuma babu mai cewa su ba su yi karatu ba.

Inda matsalar take shi ne hankali. Labarin soyayya ko na jarumta yana shiga ko kana tuƙi ko ana wanke-wanke. Amma littafin gyaran zuciya da na tarbiyyar kai ba sa son gaggawa. Jumla ɗaya kan wuce, ba ka tsaya ka juya ta ba, mai karatu ya riga ya yi nisa. Ni a irin waɗannan nakan dakatar da sautin, in mayar da shi baya, in rubuta abin da ya taɓa ni kafin in ci gaba.