Wannan ba Sarauniya ba ce, ku daina turawa

Wallahi hoton nan ya ishe ni. Duk inda mutum ya leƙa a Facebook da WhatsApp shi ne: mace fara sol, gashi har gadon baya, kambin zinariya a ka, rigar ƙarfe, ga wani katafaren gini mai hasumiya a bayanta. A ƙasa an rubuta wai Sarauniya Mangu ce, jarumar Nijar. Na'ura ce ta ƙaga shi, ko yatsun hannun ka duba ka san ba mutum ya zana ba, amma manya da ilminsu suna ta turawa.

Ƴan uwa, wannan ƙarya ce. Rubutun da ke ƙasa gaskiya ne, an yi Sarauniya, ta tari ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899, ayarin da ya wuce ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Amma hoton ya cinye rubutun. Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, bukkoki da rumbuna a gindin tudu. Mutanenta Azna ne masu bin addinin gargajiya, da kwari da baka suka fuskanci bindigogi. Sarautar tana nan har yau, mai riƙe da ita farin zane take ɗaurawa, tana kaɗin auduga a ɗakinta. To ina zinariya ta fito? Ina hasumiya?

Wani ya ce mini ai hoto ne kawai, labarin ake so ya isa ga matasa. A'a malam. Gani ya kori ji, kuma yaro abin da ya gani yake riƙewa. Ɗiyar ƙanwata da ke lakwal ta kawo mini shi a salular uwarta, ta sa yatsa a kan fuskar ta ce, "Kawu, ashe Sarauniya Balarabiya ce?" Mushe, malaminsu, ya karantar da ita tarihin a aji, ta rubuta a littafi, hoto guda ya share shi duka. Wani kuma ya ce ai girmamawa ce. Wace girmamawa? Abin da hoton ke faɗi shi ne, baƙar mace mai zane ɗaya a cikin bukka ba ta isa ta zama jaruma ba sai an wanke ta an ara mata kayan wasu. Wannan cin mutunci ne, kuma mu muke yi wa kanmu da hannunmu.

Da dare kakanninmu kan ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Ba wanda ya taɓa nuna mana Dodo, kowane yaro da nasa a cikin kai, shi ya sa muke maƙalewa jikin juna. Magana tana bar wa mai saurare fili. Hoto ba ya barin fili, in ya shiga ya zauna. Don haka wanda zai ɗora hoto a kan labarin mutane, amana ya ɗauka. Ya je ya ga ƙasar, ya ga yadda mata ke ɗaurin zane, ya tambayi tsofaffi, sannan ya ɗauki alƙalami.

Kada a ce ina ƙin zane. A nan Tawa Mustafa Alhassan ya yi zamansa, mutumin da tun 1966 ya zana kwaɗi ya motsa su a fim ɗin Bon voyage Sim, kwaɗo shugaban ƙasa ya tafi ziyara ana ta yi masa fareti. Ba wanda ya ruɗe, kowa ya gane da wa ake. Zanensa ya faɗi abin da baki ke shakkar faɗi, don mutanensa ya kalla kafin ya zana.

Ya rasu a 2015, kuma abin da ke min ciwo, ka zauna a fada ka ambaci sunansa, samari sai su dubi juna. Don Allah duk mai fina-finansa a ajiye ya taɓa ni. Ni zan nemo majigi, bangon gidanmu yana da faɗi, mu haska wa yaran unguwa bayan isha'i.