Ƙugun Tsohuwa

Ranar da bakanikena ya kira ni "Alhaji" na san aljihuna ya shiga uku. Shekara tara ina kai masa mota a Farin Gada, "Malam" yake ce mini, in ransa ya yi fari ya ce "Ticha". Ban taɓa zuwa Makka ba, ko filin jirgin Heipang ta bakin titi nake hango shi. Amma ran nan ya fito daga ƙarƙashin motar, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, samu wuri ka zauna tukuna."

Motar akori-kura ce, Peugeot 504 haɗin Kaduna, gadon mahaifinmu. A waje Fijo ake ce mata, a gida kuwa Tsohuwa. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma duk wanda ya tashi a Jos ya san babu kasuwar ƙauyen da akori-kura ba ta taka ba. Ni malamin lissafi ne a sakandare. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi idan kun tashi yi mini dariya. Albashi ba ya ganin ƙarshen wata, don haka duk Asabar nake bugun asuba zuwa Bokkos in ɗauko wa 'yan kasuwa dankalin Turawa, mu biyo ta Barikin Ladi mu sauke a Farin Gada, ni da ɗan yayata da ke yi mini yaron mota.

Injin Tsohuwa na asali ya gaji. Baƙin mai take sha kamar mai buɗa baki, hayaƙi kuwa in na tsaya a danja sai na baya ya ɗaga gilashi. A teburin mai shayi aka ba ni shawara, kuma shawarar teburin mai shayi ba ta taɓa zuwa da rasit ba: a sa mata injin Hilux mai lita 2.7 tare da giyabos ɗinsa. Na sa. Wallahi makon farko ji na yi kamar an mayar mini da ƙuruciya. Na wuce Sharon a hanyar Bukuru, direban ya leƙo yana duba ko aljani ne ke tura ni.

Asabar ta uku aka yi mini lodin buhu goma sha takwas, irin buhunan da sai ƙarti biyu ke ɗagawa. Motar kimanin tan ɗaya aka yi ta domin ɗauka, wannan na sani sarai, amma ai yanzu inji ya canza. A Mararrabar Jama'a muka tsaya a wata 'yar hawa, wasu samari a wata ƙaramar mota suna nuna Tsohuwa suna dariya. Na ce yau za ku ga abin mamaki. Na cika totur, na saki kuloci lokaci guda.

Ƙas!

Inji na ruri kamar zaki, mota kuwa ta fara komawa baya a hankali, cikin natsuwa, kamar wadda ta tuna ta bar wani abu a Bokkos. Ɗan yayata ya dire yana ihun "Kawu birki! Kawu birki!" ya jawo dutse ya yi weji. Samarin nan kuwa sun ga abin mamakin da na yi musu alkawari.

Wannan ce ranar "Alhaji". Oga, wato bakaniken nawa, ya kwance tulun nan da suke kira difaranshal, wanda ke tsakiyar aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya biyu, ya zaunar da ni ya yi mini darasi kamar yadda nake wa 'yan aji ɗaya. Farfela ce ke kawo juyin inji daga giyabos. A bakinta akwai ɗan ƙarfe mai haƙora, finiyo, shi ke juya babban faranti mai haƙora. A cikin farantin akwai wasu ƙananan giyoyi da ke raba ƙarfi tsakanin shaf na dama da na hagu, wato sandunan da ke juya tayoyin, domin in an sha kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya mai nisa, dole a bar ta ta fi sauri. To in shaf ɗaya ya karye, duk ƙarfin can yake tsiyayewa, kamar ruwa a randa mai huji. Shi ya sa inji ke kuka mota ba ta motsi.

"Ka sa wa tsohuwa zuciyar ɗan dambe," in ji Oga, "ƙugunta kuwa na tsohuwa ne. Ko dai ka sauya ƙugun, ko ka sauya ƙafarka."

Na zaɓi abu na uku, wato araha. Na sayi shaf ɗan Beljiyam naira 35,000. Mako uku ya yi lafiya lau, sai ƙananan giyoyin nan suka zubar da haƙora. Daga nan wani dattijo mai walda da ke maƙwabtaka da garejin ya kira ni gefe ya rage murya. "Ɗana, me za ka yi da giyoyin nan? Kawo in narke su wuri guda. Abin da ba ya motsi ai ba ya karyewa." Naira 8,000 kacal. Oga ya ce babu hannunsa, ya tafi sallar La'asar tun ƙarfe uku.

A miƙaƙƙiyar hanya kam babu laifi. A shataletalen Terminus na gane abin da na saya. Tayoyin baya biyu sun zama tagwayen da ba sa rabuwa, ta ciki tana son ta rage gudu an hana ta, sai ta riƙa gurzar kwalta tana ciyak-ciyak kamar an taka ɗan kwikwiyo. Ina murza sitiyari dama, Tsohuwa ta nace sai ta miƙe ta shiga cikin masu talla. Wata mai ayaba ta kwashi farantinta ta haye dakali tana yi mini addu'o'in da ba na shiriya ba. Cikin wata guda tayoyi biyu suka yi sanƙo, shaf ɗin kuma ya murɗe kamar tufkar igiya kafin ya tsinke. Abin da ba ya motsi ashe maƙwabcinsa yake karyawa.

Sai na koma wa Oga da hula a hannu. Ya ce aksil ɗin Hilux, mai noti shida, shi ne maganin. Muka je Dilimi, aka jawo mana wani daga ƙarƙashin tarin ƙarafa, ya yi tsatsa amma ka gan shi ka ga ƙato. Bayan ciniki mai zafi aka tsaya a 380,000. Na tambayi Oga, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan, sai ɗan aikin hannu."

Kuɗin na uwargida ne, ɗaukar adashinta. Ta ba ni da hannu biyu, ta ce, "Malam, bashi ne fa." Sannan ta ɗauko sabon littafi mai shafi arba'in ta rubuta "Mota" a bango. Na yi dariya na ce shafi ɗaya ya isa. Ita ba ta yi dariya ba.

Ɗan aikin hannu ya fara da kujerun sifirin. Inda sifirin Fijo ke zama daban, inda na Hilux ke zama daban, sai an yanke an sake walda, kuma ba walda kawai ba, sai bakin finiyo ya kalli farfela daidai, in ya karkace mota ta riƙa rawar sanyi. An yi, an kwance, an sake yi. Sababbin ƙarafan ɗaure sifirin. Farfela ta yi tsawo, bakinta kuma bai dace ba, aka kai ta wajen masu injin feƙe ƙarfe suka yanke suka haɗa, 45,000. Fayif ɗin birki bai kai ba. Wayar birkin hannu ba ta shiga ba. Boris da oyil-sil, tunda an riga an buɗe ai gara a canza, wannan jimla ta "tunda an riga an buɗe" ita kaɗai ta ci shafi biyu a littafin uwargida. Sai a rana ta biyar Oga ya dafa goshi ya ce, "Af, wili!" Ramukan wilin Fijo ba su dace da noti shida ba. Wili biyu da tayoyinsu, 130,000.

Da aka sauke ta daga jak na tsaya a baya ina kallo. Aksil ɗin ya fi motar faɗi, tayoyin sun leƙo waje ta kowane gefe, bayan ya ɗaga, gaban ya sunkuya. Kamar tsohuwa ta ari takalmin jikanta soja. Na shiga na tafi abina ina jin kaina. Ban kai Gada Biyu ba na fara jin wani siririn kuka daga baya, wuuu, yana ƙaruwa. Ta madubi na hango Keke Napep na bina da fitila a kunne, yaron Oga ya fito da rabin jikinsa yana kaɗa galan. Ashe kayan Beljiyam a tsiyaye ake kawo su, babu ɗigon man giya a ciki, kuma kowa a garejin ya ɗauka ɗan'uwansa ya zuba. Da na ƙara 'yan kilomitoci da haƙoran nan sun ƙone ƙurmus. A bakin titi aka ɗura masa mai lamba 90, na biya kuɗin man, na biya kuɗin keke, na kuma saya wa yaron tsire, don a ranar ya fi Ogansa daraja a idona.

Yanzu ga inda lissafin ya shigo. A babbar hanya, in na kai gudun da bai taka kara ya karya ba, inji sai ya riƙa ihu kamar yana neman giya ta shida. Allurar gudu kuma tana nuna abin da ta ga dama, don daga giyabos take karatu, ba ta san an sauya ƙugu ba. Fetur kuwa, tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 ba abin wasa ba ne, ita kuma kwankwaɗa take. Oga ya ɗaga bayan motar, ya ce in ba shi alli. Allin aji na zaro daga aljihu. Ya yi ɗigo a taya, ya yi ɗigo a farfela, muka juya tayoyin biyu tare zagaye ɗaya muna ƙirga. Farfela ta yi juyi biyar saura kaɗan. Haƙora 39 a faranti, 8 a finiyo, wato 4.88. Akwai aksil ɗin Hilux mai 41 da 10, wato 4.1, wanda da shi muka ɗauko da inji ya rage juyi kusan kashi ɗaya cikin shida a gudu iri ɗaya. Rabawa ce kawai, irin wadda nake zane yara a kanta. Minti biyu da guntun alli a Dilimi sun isa, ga allin ma a aljihuna a ranar.

Oga ya ce in gode wa Allah, irin wannan shi ne mai jan kaya a hawa. Gaskiyarsa ce. Amma gaskiyar da ake faɗa bayan an biya kuɗi ɗacinta daban ne.

Faci na farko ya same ni kusa da Heipang, cikin sanyin Disamba, irin wanda yatsa ba ya jin sufana. Na ciro safaya cikin alfahari, na kai ta bakin aksil, na ƙirga ramuka, na ƙirga notuna, na zauna a ƙasa. Tun daga ranar safaya biyu nake ɗauka, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, sun cinye wurin buhu biyu. Da aka rufe lissafi, aksil ɗin 380,000 ya tashi a 802,000, ban da shaf, ban da walda, ban da tayoyin da suka yi sanƙo. Uwargida ta ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro, birona na makin jarrabawa.

Zan faɗi gaskiya, ƙarfen nan ƙarfe ne. Ba ya zubar da mai, ba ya kuka, bai taɓa ba ni kunya ba. Sai dai wani lokaci nakan tuna cewa aksil ɗin Fijo na asali ya yi wa mahaifinmu hidima shekaru aru-aru bai ce uffan ba, saboda shi tsohon in an kai buhu goma yakan ce a rufe bodi, ko mai kaya zai yi kuka. Ni na zo na laƙaba wa ƙarfe laifi.

To da yake yanzu ina da ƙugu mai ƙarfi, sai na karɓi lodin doya daga Akwanga. Duk direban Jos ya san Hawan Kibo, inda manyan motoci ke rarrafe yaran mota na bin su da weji. Tsohuwa ta kama hawan tana gurnani, na wuce tirela ɗaya, na wuce ta biyu, har ina ɗaga wa direban hannu. A tsakiyar hawan na sauko giya ta biyu na cika totur.

Wannan karon ba ƙas ba ne, garam-garam ne. Kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke riƙe da bakinta, ya tarwatse, farfelar ta faɗo tana dukan cikin mota kamar mai neman a buɗe mata ƙofa. Ɗan yayata bai ko yi ihu ba, ya riga ya saba, dutsen wejinsa ma a ƙafarsa yake ajiye. Tirelolin nan biyu suka zo suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, direban ta biyu ya rama ɗaga hannun.

Janwe ya kawo mu Farin Gada da dare. Da safe Oga ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito fuskarsa cike da annuri.

"Alhaji, albishirinka! Aksil ɗinmu ko gezau bai yi ba. Ban faɗa maka ba?"

Farfela ta tafi, ta fasa salansa a hanyarta, kuloci na wari, ganye biyu na sifirin sun tsage, amma aksil ɗinmu lafiya lau.

Na sa aka jawo ta ƙofar gida na rubuta "Ta sayarwa ce" a kwali. Kwana huɗu babu wanda ya tsaya sai awaki masu neman inuwa. Ran na biyar wani bawan Allah ya yi sallama, ya zagaya ta sau ɗaya, bai buɗe bonet ba, bai leƙa ciki ba. Ya durƙusa a baya ya ƙirga notuna, ya ƙwanƙwasa tulun da makulli.

"Malam, aksil ɗin nawa? Motar ka riƙe abarka."

Na buɗe baki zan ba shi tarihin Tsohuwa tun daga Kaduna, sai na ji an buɗe littafi a bayan labulen zaure, uwargida ta yi gyaran murya.

"Malam, ka ce masa ya taya."