Malaman kwamfuta, ku daina sa yara haddar kilas

Jiya bayan isha'i, a bakin shagon cajin waya na garinmu nan gefen Ringim, na tambayi ɗan yayana me ya samo a wata ukun da ya yi yana zuwa koyon kwamfuta. Ya karanto min ma'anar kilas (class, wato tsarin da ake shimfiɗawa a rubutun manhajar kwamfuta don a riƙa gina abubuwa iri ɗaya a kansa) da Turanci tiryan-tiryan, kamar mai biya allo. Na miƙa masa wayata na ce to, rubuta min guda ɗaya a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Yaro ya yi tsuru-tsuru. Buhun gero biyu Yaya ya sayar ya biya kuɗin nan.

Laifin malamin ne, wallahi. Hadda ya ba su.

Na aika aka karɓo min littafin adashin Inna. Na ce duba nan: sau ɗaya ta ja layuka a sama, suna, kuɗin zubi, ranar ɗauka. Wannan tsarin shi ne kilas. Kowace mace da aka rubuta a ƙasa, da sunanta da kuɗinta, ita ce objek. Zubi da ɗauka su ne ayyukan da ake rubutawa a cikin kilas ɗin. Ranar da sabuwar mace ta shiga aka cike mata layinta, aikin abin da Python ke kira __init__ ke nan. Shi kuwa self da ya hana shi barci, matar da ake magana a kanta ce yanzu, don kada zubin Talatu ya faɗa layin Ladi. Kafin wayarsa ta cika ya rubuta nasa, na awakin gidansu.

Za a ce min babu wuta, babu kwamfutoci. Da biro da takarda muka fara jiya. Za a ce abin na Turawa ne, sai da Turanci. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard da suka kawo kilas a harshen kwamfuta na Simula a 1967 'yan Norway ne, Turanci ba harshen uwarsu ba ne, kuma don kwaikwayon abubuwan da ido ke gani suka ƙirƙiro shi. Malam, yaron da bai taɓa gina kilas da hannunsa ba, me ka koya masa? Hadda ce kawai, kuma da geron ubansa aka biya ta.

Af, duk mai tsohuwar laftof a Dutse ko Hadeja da ba ya amfani da ita, ko batirinta ya mutu, ya yi min magana. Mai shagon ya yarda yaran su riƙa jonawa a solarsa da hantsi.