Zakaran godiyar kaka

Duk shekara in Nuwamba ta kama cocinmu na nan Katsina ana godiyar kaka, masu gona su kawo damin gero da dawa da buhun wake, 'yan Zumuntar Mata su shigo da ankonsu suna buga tulu suna rawa har gaban bagadi, in an tashi sujada a yi gwanjon kayan, kuɗin ya shiga asusun gini. Ni ba gona gare ni ba, ɗinki nake yi wajen Ƙofar Ƙaura, amma bana na ce na gaji da zuwa da ambulan ana min kallon mara dangi a ƙauye. Na sa kawuna ya aiko min da zakara daga Malumfashi, ja, ƙato, mai ji da kai.

Na ɗaure masa ƙafa da ƙyallen atamfa na zura shi a buhun Bagco na tura ƙarƙashin benci, don in na bar shi a waje yaran Sande Sukul sai sun kwance shi, na san halinsu.

To ashe baƙon fasto aka gayyato, kuma duk faɗin Littafi Mai Tsarki bawan Allahn nan bai ga inda zai buɗe ba sai Matiyu 26, inda Yesu ya gaya wa almajirinsa Bitrus zai yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Bai rufe baki ba sai ji muka yi kukurukuuu daga ƙarƙashina! Wata tsohuwa ta daka tsalle ta ce Halleluya, mawaƙan coci suka kife kan juna.

Asha, wato mai zaunar da mutane a coci, ya lallaɓo ya ce, "Yaya, naka ne?" Na ce wane ni. Shugabar Zumunta ta waiwayo ta ce, "Ɗana, ba kai na gani da buhu a Keke Napep ba?" Na ce Mama ai masu kama da ni suna da yawa a garin nan. Sai ga dattijon ikilisiya da kansa, ya gyara tabarau ya ce ƙyallen ƙafar nan ai irin rigar matarka ne. Na ce Baba ban san zakaran nan ba sam.

Ina rufe baki ya ƙara cara. Shi kuma autana da na saya wa biskit da safe ya miƙe kan benci ya ce, "Baba zakaranmu ya fito!"

Wajen gwanjo dattawa suka haɗa baki suna ta ƙara farashi suna kallona, wai Bitrus kuka ya yi, ni kuwa aljihuna ne zai yi. Haka na sayi zakarana da kuɗin ɗinkin Kirsimeti na mutum biyu. Yanzu har kwastomomina Musulmi in sun zo karɓar kaya sai su ce ina Malam Bitrus, kuma ban san wa ya kai musu labarin ba, amma ina zargin madam.