Yaron da aka ciro da rai, wa ke komawa ya duba shi?

Duk sanda kwale-kwale ya kife a arewa abu ɗaya ake ƙirgawa, gawa nawa aka ciro. Haka aka yi a Bagwai ta jihar Kano a Nuwamban 2021, da jirgin da ya ɗauko 'yan Islamiyya daga Badau za su Maulidi ya nutse a dam ɗin Watari, mutum 29 suka rasu, yawanci yara. Wanda aka ciro da rai kuwa sai a dafa kansa a ce "kai dai da sauran shan ruwanka a gaba, gode wa Allah", shikenan an wuce wurin.

To ba shikenan ba ne wallahi. A 1988 jirgin Jupiter ya nutse a bakin tashar Piraeus ta Girka ɗauke da 'yan makaranta kusan 400 daga Birtaniya, mutum huɗu ne suka mutu, amma da likitocin ƙwaƙwalwa suka bi sawun yaran sai aka ga kusan rabinsu sun kamu da ciwon firgici, kuma kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu suna fama da shi har bayan shekara biyar zuwa takwas. Yaran da ke da asibiti a kusa kenan fa, ina ga na ƙauyen Kebbi ko Neja da gobe ma a jirgin zai koma kasuwa don babu wata hanya.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Yaro ya riƙa zabura cikin dare yana haki, yarinya ta ƙi zuwa ɗiban ruwa, karatu ya lalace, ga kuma tambayar da ba ya iya faɗa wa kowa, me ya sa ni na fita ƙanina bai fita ba. A gida sai a ce iska ce, mutanen ruwa ne suka shafe shi, a yi ruƙiyya a turara hayaƙi. Ni ban ce a bar addu'a ba, ko kusa, amma wanda ya karye a ƙafa ai addu'a ake masa kuma a kai shi wurin ɗori.

Wani zai ce mu Zage-zagi ina ruwanmu, kogin Galma ne da na Kubanni iyakarmu. Ruwanmu shi ne likitoci da nas-nas ɗin da za su yi wannan aikin a nan asibitin koyarwa na Shika ake horar da da yawansu, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma Buhari ya sa mata hannu tun farkon 2023.

Abin da nake nema ba wani babba ba ne, yadda hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ke rubuta sunan mamata ta rubuta na waɗanda suka tsira, a tura ma'aikacin lafiya ya gan su bayan wata ɗaya, ya sake komawa bayan shekara, a kuma koya wa malaman Islamiyya da na boko alamun nan tunda su ke wuni da yaran.