Raguwa ba ƙarewa ba ce, ku daina ce wa nimoniya mura

Tun shekaranjiya nake haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi wucewa. Kun ga jadawalin da aka yi ta yaɗawa, mai nuna yadda mutuwar ƙananan yara daga ciwon huhu, wato nimoniya, ta sauko a duniya. Kun kuma ga wanda ya zo ƙasansa ya rubuta wai ai an gama da wannan ciwon, mura ce ta yi ƙarfi, kowane yaro yana yi ya warke, a daina tayar wa iyaye hankali. Shi kaɗai bai isa ya hana ni barci ba. Waɗanda suka bi bayansa suna jinjina masa su ne suka ƙona min rai, don na san cikinsu akwai masu jarirai a hannu.

Bawan Allah, ka ga layi ya gangaro, amma ba ka duba inda ya tsaya ba. A shekarar 2019 kaɗai, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, nimoniya ta kashe yara 740,180 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Kashi 14 cikin 100 ke nan na duk yaran wannan shekarun da suka rasu a shekarar. Raba shi da kwanakin shekara, za ka samu sama da 2,000 kowace rana. Ba a cika minti ɗaya ba tare da wata uwa ta rasa ɗanta ba. Wannan kake kira an gama?

Eh, adadin ya ragu, ban musa ba. Daga 2000 zuwa 2018 ya sauka da fiye da rabi, kuma alhamdulillahi a kan haka. To amma me ya saukar da shi? Ciwon ne ya gaji ya zauna? Mutane ne suka tashi tsaye. An yaɗa allurar rigakafin Hib, wata bakteriya mai jawo ciwon huhu, an yaɗa ta ƙyanda da ta tarin shiƙa, an samar da ta ƙwayar nimokokus, wadda ita ce kan gaba cikin bakteriyar da ke kama huhun yara. An koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauyuka su ƙirga numfashi su ba da amoksisilin, maganin kashe bakteriya. An dage a kan shayar da nono zalla wata shida. Duk inda aka kai waɗannan abubuwa, mutuwa ta ja baya. Saboda haka layin nan da kake nunawa hujja ce a kanka, domin ya tabbatar cewa yawancin wannan mutuwar ana iya tare ta. Idan an tare rabi, me ya sa za a naɗe hannu a kan ragowar? Raguwa ba ƙarewa ba ce.

Ku kuma dubi inda ragowar ta taru. A lissafin UNICEF na 2018, ƙasashe biyar ne suka ɗauki fiye da rabin yaran da nimoniya ta kashe a duk duniya: Najeriya 162,000, Indiya 127,000, Pakistan 58,000, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo 40,000, Habasha 32,000. Yaron Jamus yana kamuwa, yaron Japan yana kamuwa, huhu ɗaya ne Allah ya yi musu da sauran yara. Bambancin shi ne wancan ana kai shi da wuri, a auna shi, a ba shi magani, in ta kama a sa masa oksijin, ya koma gida. Na waɗannan ƙasashe biyar kuma sai a kwana uku ana cewa mura ce.

Nan ne kalmar ta zama haɗari, shi ya sa ba zan sassauta a kanta ba. Mura a hanci da maƙogwaro take zama. Nimoniya can cikin huhu take sauka, ta cika ƙananan jakunkunan iska da ruwa da mugunya, sai yaro ya riƙa jan numfashi amma iskar ba ta isa jininsa yadda ya kamata. Shi ya sa numfashinsa ke sauri. Kuma ba sai kai likita ba ne za ka gane. Ka jira yaron ya natsu, ba lokacin da yake kuka ba, ka ɗaga masa riga, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 60 ko fiye alama ce. Daga wata biyu zuwa wata 11, sau 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, sau 40. Idan kuma ka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya fara jijjiga, to ba a jiran gari ya waye. Wannan ilimin ya kamata ya bazu a ƙasan jadawalin nan. Maimakon haka sai aka baza wa iyaye kalmar da za ta sa su juya su ci gaba da barci.

Wai ina tsorata iyaye. To a tsorata ɗin. Uwar da ta tsorata ta ƙirga numfashi, ta ga 35, ta kwanta da kwanciyar hankali, me ta rasa? Minti ɗaya. Wadda aka lallasa da kalmar mura fa, me za ta iya rasawa? Wani kuma ya ce ai zazzaɓin cizon sauro da yunwa ma suna kisa, me ya sa sai wannan. Ban ce ba sa yi ba, kuma ba gasa ake ba. Hasali ma yaron da tamowa ta rama shi, shi nimoniya ta fi saurin kayarwa, don jikinsa ba shi da abin faɗa. Mai cewa ajali kuwa, mun yi imani da ajali, amma wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma bai ce a zauna a zuba ido ba.

Akwai wanda ya yi magana mai ma'ana, ya ce kada a sa mutane su riƙa ɗura wa yara maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan kowane tari. Gaskiya ne, kuma ban taɓa cewa a yi haka ba. Shan magani barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Amma ka san mene ne a ɗaya ɓangaren? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi ɗaya cikin uku ne kawai na yaran da ke da nimoniya suke samun maganin da suke buƙata. Wato a wuri ɗaya ana ba wanda bai kamata ba, ana barin wanda ya kamata. Gyaran duka biyun abu ɗaya ne, a kai yaro wurin wanda zai duba shi.

Sannan ba bakteriya ce kaɗai ba. Akwai bairos ɗin RSV mai kama hanyoyin numfashi, wanda amoksisilin ba ya yi masa komai. An ƙiyasta cewa a 2019 ya jawo ciwon ƙirji sau miliyan 33 ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, ya kashe kimanin 101,000, kuma kashi 97 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suke. Jarirai 'yan watannin farko ya fi yi wa illa. Abin da ke ceton irin wannan jaririn shi ne oksijin, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin ɗin da ke jini. Sai da korona ta zo, manya suka fara haki a manyan birane, sannan duniya ta tuna cewa oksijin magani ne. Sai a 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan samar da shi. Yara kuwa shekara da shekaru suna mutuwa a kan rashinsa, ba a ji ƙararsu ba, don mai haki ba ya iya ihu.

Wani abin da ke ci min rai shi ne tazarar da ke tsakanin samun kariya da isarta ga masu buƙata. Allurar nimokokus ta yara ta samu izini a Amurka a 2000. Sai 2009 ta shiga tsarin rigakafin yara a Ruwanda da Gambiya. Shekara tara, yara nawa aka binne a tsakani? Yanzu ga shi an samu kariyar RSV: allurar nirsevimab ta jarirai da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023, da allurar da ake yi wa mai juna biyu don jariri ya fito da kariya, ita ma a 2023. Ƙasashen da suka fara amfana su ne waɗanda dama mutuwar ba ta da yawa a cikinsu. Idan muka yarda an gama, wa zai matsa a gajarta jiran a wannan karon?

Kuma layin da ya sauko yana iya komawa sama. Lokacin kullen korona, RSV da mura mai zafi sun lafa, da aka buɗe suka dawo da ƙarfi, har asibitocin yara a Amurka suka cika a ƙarshen 2022. A daidai wannan lokaci rigakafin yara na yau da kullum ya ja baya a duniya, daga kashi 86 cikin 100 na yara a 2019 zuwa 81 a 2021. Ga hayaƙi kuma, mutum sama da biliyan 2 suna girki da itace ko gawayi ko kananzir, kuma kusan rabin mutuwar yara ta nimoniya ana danganta ta da wannan hayaƙin na cikin gida. A 2013 an tsara cewa zuwa 2025 mutuwar ta koma ƙasa da yara 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa. Wa ya ji an tsare wani shugaba ana tambayarsa ina aka kwana? Ranar 12 ga Nuwamba ta kowace shekara ranar yaƙi da nimoniya ce ta duniya, mutum nawa suka ma san da ita? Raguwa ba ƙarewa ba ce, zan ta maimaitawa har ta shiga.

Ina cikin rubutun nan sai wani likitan yara ɗan Bangaladesh ya faɗo min a rai, Dakta Mohammod Jobayer Chisti. A darensa na farko yana likita mai neman ƙwarewa, yara uku nimoniya ta kashe a gaban idonsa, abin bai bar shi ba. Na'urar taimaka wa numfashi ta fi ƙarfin asibitocin talakawa, sai ya haɗa tasa da robar sabulun wanke gashi da ruwa da bututu. Yaro yana fitar da numfashi ta cikin ruwan, ruwan yana ɓulɓula, matsin da ke dawowa ya hana jakunkunan huhun rufewa. A gwajin da aka buga a mujallar Lancet a 2015, mutuwa ta kasance kashi 4 cikin 100 ga yaran da aka sa wa wannan, kashi 15 ga waɗanda aka ba oksijin ta hanyar da aka saba. Daga baya an gwada dabarar a asibitocin Habasha. Duk sa'ad da na ga irin wannan robar an gama da ita za a jefar, sai na tsaya ina kallonta, ina tunanin girman huhun jariri ɗan wata uku.