A duba yaron kafin a duba takardar gwaji

Duk uwar da ta yi jinyar yaron da aka huda wa wuya aka sa masa bututun numfashi ta san wannan takarda. Ana zuƙo majina daga bututun a kai ɗakin gwaji, bayan kwana biyu ko uku sakamako ya fito ɗauke da wani dogon sunan ƙwayar cuta, galibi Pseudomonas aeruginosa ko Staphylococcus aureus. Nan take hankalin gida ya tashi, a shiga neman allura mafi ƙarfi, alhali yaron yana zaune yana wasansa, babu zazzaɓi, numfashinsa yadda ya saba. A ganina, yawan maganin antibayotik da ake ɗura wa irin waɗannan yara saboda takarda kawai yana cikin abin da ke cutar da su.

Sai an san abin da bututun ke sauyawa a jiki kafin a gane dalili. Hanci yana tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Yaron da ke numfashi ta wuya ya rasa wannan duka, iska busasshiya ce ke faɗawa maƙogwaronsa kai tsaye. Tarinsa ma ba shi da ƙarfi, domin iskar tana ficewa ta bututun kafin ƙirji ya tara ta ya turo kaki waje. Ga shi kuma jikin bututun wuri ne da bakteriya ke maƙalewa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Shi ya sa yawancin yaran da suka daɗe da bututu, duk ranar da aka gwada majinarsu za a sami wata ƙwaya. Tana zaune a wurin ne kurum, kuma zamanta ba ya nufin ta kama huhu.

Ciwon huhu na gaske jikin yaro ne ke nuna shi: zazzaɓi, haƙarƙari na lotsawa idan ya ja iska, majina ta ƙaru ko ta sauya launi da wari, ya ƙi abinci, iskar oksijin ta ragu a jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin da uwa za ta iya ƙirgawa da agogon waya: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Idan waɗannan alamu suka bayyana, to gwajin majina ya yi rana, shi zai nuna wa likita maganin da ƙwayar ke ji.

Na san hujjar masu cewa gara a ba da maganin a huta, kuma ba ta banza ba ce. Yaro mai bututu yana iya rikicewa cikin 'yan sa'o'i. Likitan da ke aikin dare, babu damar ɗaukar hoton ƙirji, iyaye kuma daga ƙauye mai nisa suka zo, ban ga laifinsa ba idan ya fara magani. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da wannan al'ada, ko iyaye su ɗauki takardar su nufi kemis. Amoksisilin da ake saya a kemis ba ya taɓa Pseudomonas ko kaɗan. Sauran ƙwayoyin da ke gogayya da ita yake kashewa, ya bar mata fili. Manyan allurai kuma sukan rage ta na ɗan lokaci, ta dawo daga yauƙin jikin bututun, sau da yawa ta dawo da taurin kai. Ranar da ciwon gaske ya zo, sai a tarar an riga an ƙarar da makaman.

Wannan matsala tamu ce fiye da ta kowa. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba a yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Abin da ya fi kare yaron yana gida, kuma a nan ne muka fi sakaci. Ki duba uwa a Kano ko Maraɗi cikin hunturu, hazo ya rufe gari, majina tana bushewa ta daskare a cikin bututun da faɗinsa bai kai na biro ba. Toshewar bututu na iya kashe yaro cikin mintoci, tun kafin kowace ƙwaya ta yi aikinta. Uwar tana buƙatar injin zuƙe majina, har da na hannu ko na ƙafa saboda ɗaukewar wuta. Tana buƙatar ɗan matacin nan da ake ɗaura wa bakin bututu ya riƙe danshi, da bututu na biyu a ajiye, da sabulu da tafasasshen ruwa. Pseudomonas ƙwayar ruwa ce, kwanon da ake jiƙa kayan zuƙa a bar shi ya kwana zai iya zama gidanta. Bai kamata asibiti ya sallami yaro ba sai mutum biyu a gidan sun iya zuƙe majina da sauya bututu da hannunsu a gaban nas. Na ce biyu domin uwa ita ma tana barci, tana rashin lafiya.

Sai rigakafi. Najeriya ta shigar da allurar Penta cikin rigakafin yara a 2012, ta fara ta ƙwayar nimoniya a 2014. Ba su hana Pseudomonas, amma suna tare wasu manyan ƙwayoyin ciwon huhu biyu, Penta kuma tana kare yaro daga mashaƙo, cutar da ke toshe maƙogwaro, wadda ta addabi Kano tun daga ƙarshen 2022.

Yara da yawa ba don har abada aka sa musu bututun ba. Wani gyaɗa ce ta sarƙe shi, wani tsiro ne ya fito masa a maƙoshi. Kowane wata da bututun ya ƙara bayan buƙatarsa ta wuce, ƙarin dama ce ga ƙwayoyin. Iyalin da kuɗin mota ya hana su komawa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ɗansu na iya shekara da abin da ya kamata a cire tuntuni. Ya kamata asibitocin koyarwa su riƙe rajistar waɗannan yara da lambar wayar iyayensu, su sa ranar duba yiwuwar cirewa tun kafin sallama, wanda bai zo ba a kira shi.